Daga giwan ruwa zuwa kifin ƙanƙara: me ya samu ruwanmu?

In ka tambayi ɗan Dutsi mai shekara ashirin sunayen kifi, zai ce maka tarwaɗa, karfasa, sai kuma Titus. Ka ga na ukun ma ba namu ba ne, daga teku ake kawo shi a daskare. Amma tambayi dattijo, sai ya jero maka giwan ruwa, bargi, kurungu, ragon ruwa, tsage, gaiwa, har da minjirya mai jan mutum kamar wutar lantarki. Wallahi wasu a cikinsu ban taɓa ganinsu ba sai a hoto.

Da na zo hutu na leƙa madatsar ruwan Daberam, da ke tsakaninmu da Daura. Na jima a bakin ruwa ina kallon masunta suna fitowa. Yawancin abin da na gani a kwandunansu ƙananan karfasa ne, wasu ba su kai tafin hannu ba, sai tarwaɗa jefi-jefi.

Abin da ya fi damuna shi ne ragar. Idan idonta ya yi ƙanana, ba uwa kaɗai take kamawa ba, har 'ya'yan da ba su kai ga yin ƙwai ba. A wurare da dama ma gidan sauro ake mayarwa raga. To kifin baɗi daga ina zai fito? Ga kuma zaizayar gonaki da ke kwararo yashi cikin dam duk damina, ruwa na ƙara rashin zurfi. Ni dai ba na ɗora wa masunci laifin duka. Mai iyali ba zai koma gida hannu rabbana ba.

Matsalar fa ba tamu kaɗai ba ce. Tafkin Chadi, mai ciyar da kasuwar bandar Baga, ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, yau ɗan kaso ne ya rage. A Neja Delta, inda kogi ke shiga teku, malalar ɗanyen mai ta ɓata wuraren da kifi ke hayayyafa.

Argungu kuwa sun daɗe da dabara: ana hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da manya. Ban ga abin da zai hana sarakunan ruwa da ƙananan hukumomin Dutsi da Daura su gwada hutar da Daberam a farkon damina ba, lokacin da kifi ke ƙwai. Sai dai a fara amsa tambaya guda: me masuntan za su ci a waɗannan watanni?