Daga Motar Kara Zuwa Bulon Roba

A shagunan kayan yara na kasuwar Sabon Garin Zariya, ƙananan bulullukan roba masu launi-launi, waɗanda ake harhaɗawa a gina gida ko mota, sun zama kayan yau da kullum. Kowa LEGO yake kiransu, alhali mafi yawansu kwaikwayo ne daga Sin, ko kuma gwanjo da ya biyo dila.

Asalin abin daga garin Billund ne na ƙasar Denmak, inda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Bulon roba ya zo a 1949, amma sai a 1958 aka yi rajistar dabarar da ke sa bulo ya kama ɗan'uwansa gam. Da wa'adin rajistar ya ƙare, kowace masana'anta ta samu damar buga irinsa, farashi ya faɗi. Ta wannan ƙofa bulon ya shigo Zariya. Shi kuwa kamfanin na asali, da ya kusa durƙushewa a 2003, ya farfaɗo daga baya, yana ci gaba da haɗa kai da fina-finai da sayar da kaya masu tsada, kuma tun da darajar naira ta zube a 2023 kwalinsa ya fi ƙarfin ma'aikacin albashi.

Sai dai araha kaɗai ba ta isa bayani ba. Yaron Samaru ya daɗe da nasa kayan gini. Bayan girbi yakan ɓare karan dawa, ya soka ɓawon a cikin farar totuwarsa mai taushi, ya fitar da mota har da ƙofa. Wani kuma ya buɗe gwangwanin madara ya ƙera motar langa-langa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas. Yanzu gidajen haya na ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun cinye gonakin da ke gefen gari, kara ya yi nisa. Makarantun kuɗi sun yawaita, yaro na dawowa gida da yamma ga Islamiyya na jiransa, iyaye kuma sun fi son ya zauna cikin gida. Bulo ba ya yanka hannu, ba ya ɓata riga.

Amfaninsa a fili yake: yana koyar da ƙirge, daidaita tsawo, da haƙurin rushewa a sake. Amma a ganina akwai asara babba. Mai bulo yana haɗa abin da wani ya riga ya auna masa, shi ko mai kara sai ya nemo, ya auna, ya yanka, in sandar taya ta karye ya gano dalili da kansa. Wannan ya fi kusa da aikin injiniya.

Malaman firamare na Samaru da Sabon Gari, ku sayi bulon in da hali, amma idan kaka ta yi ku sa a kawo muku damin kara cikin aji.