Makullin da ba a gani: yadda masu shagon kwamfuta a Faskari za su tsare takardun jama'a

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon buga takardu a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa ya san abin da ke jibge a kwamfutar mai shago: hoton katin NIN, takardar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, fom ɗin JAMB, har da takardar cinikin gona. Mutum ya biya kuɗin bugu ya kama gabansa, amma kwafin takardarsa na nan zaune.

A yankin da 'yan bindiga ke tare hanya su kwashe kayan matafiya, ɓatan laftof ba baƙon abu ba ne. Da yawa na ganin kalmar sirrin da ake bugawa kafin a shiga Windows ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Ɓarawo zai iya zare ma'ajiyar bayanan ya jona ta a wata kwamfutar, ya karanta komai. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023, wadda ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan mai riƙe da su.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne kulle folda ta yadda kwamfuta ke rikita rubutun da kanta idan an adana fayil, ta warware shi idan mai ita ya buɗe. Mai aiki ba ya ganin wani bambanci. Wanda ya sace na'urar kuwa shirme kawai zai tarar.

Windows na da wannan tsari tun Windows 2000, ana kiransa EFS, sai dai babu shi a nau'in Home. BitLocker kuma ma'ajiyar yake kullewa ɗungurungum, haka ma FileVault na kwamfutocin Apple tun 2011. Wanda Home gare shi zai iya ɗauko VeraCrypt, manhaja ce kyauta da ke ƙirƙirar akwati mai kulle a cikin kwamfuta. Ba ta buƙatar intanet, kuma mutanen da suka sha katsewar layukan sadarwa na watanni a ƙarshen 2021 sun san darajar hakan.

To amma fa akwai tarko. Muddin mai shago ya shiga da kalmar sirrinsa, foldar a buɗe take ga duk wanda ya zauna kan kujerar, ko yaron shago ko kwastoma. Fayil ɗin da aka tura ta WhatsApp ko imel ma a buɗe yake tafiya.

Babban tarkon yana wajen gyara. Kwamfuta na fara tsayawa, abin da mai gyara zai ce shi ne a yi mata fomatin a zuba sabon Windows. Makullin EFS kuwa a cikin tsohon Windows ɗin yake, ɗaure da asusun mai kwamfutar. Aka goge shi, fayilolin na nan ana ganin sunayensu, amma ba mai buɗe su, ko da kuwa an kai kwamfutar Funtua ko Kano. Shi ya sa Windows ke tunatar da mutum ya kwafe makullin tun ranar farko, saƙon da akasari ake rufewa ba a karanta ba. Kwafin nan a filas ya kamata ya zauna, a gida, ba a jaka ɗaya da laftof ɗin ba.