An ba da yaro riƙo: me ya rage a wuyan uba?

Shirinmu na iyali na wannan mako ya duba riƙon yara. Daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano, har zangon Kumasi da Garwa, da wuya ka samu gidan da ba a taɓa ba da ɗa ko karɓar ɗa ba. To amma da an tashi maganar, sai a ce harkar mata ce, goggo ta ɗauka, kaka ta raina. Ina uban? Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna.

Da farko, riƙo daban, mai da ɗan wani naka daban. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi (SAW) har ana kiransa ɗan Muhammadu, sai aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi suka yi umarni a riƙa kiran irin waɗannan yara da sunan ubanninsu. Ke nan ka ciyar, ka tufatar, ka sa a makaranta, amma asali ba ya canzawa. Wannan shi ne kafala. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala a sashe na 20. Ghana ce ƙasar farko da ta amince da ita a 1990, Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi duk sun bi.

Uban da ya haifa fa bai sauke kaya ba don ya ba da riƙo. A mazhabar Malikiyya, ciyar da ɗa namiji na wuyansa har ya balaga, ta mace kuwa har ta tare a gidan miji. In mai riƙo ya ɗauke masa, alheri ne ya yi. Saboda haka ya riƙa leƙawa, ya ga yaron da idonsa: yana zuwa lakwal ko makarantar allo, ko kuwa talla da wanke-wanke aka bar masa? Waya kaɗai ba ta nuna rama.

Sai maganar takarda. Kafin yaro ya bar gida, uba ya yanko masa takardar haihuwa da sunansa na gaskiya. Yaron da aka ƙetara da shi ta Jibiya da Ɗan Isa hannu rabbana, ranar jarrabawa ko yin katin ɗan ƙasa zai rasa ta wace ƙasa zai nema. Su kuma jami'an iyaka suna da dalilin tsare babban da ke tafe da yaron da ba shi da shaidar komai, don masu safarar yara ma da sunan riƙo suke fakewa.

Shi kuma maigidan da aka kawo wa yaro, kada ya ce ai ɗan 'yar'uwar matata ne, ba ruwana. Yadda ya ɗauki yaron, haka 'ya'yan gidan za su ɗauke shi. Abu biyu ya kamata ya sani. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙo, amma ana iya yi masa kyauta tun ana raye, ko wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, a gaban shaidu. Na biyu, idan matarsa ta shayar da jaririn cikin shekara biyun farko, shi ma ya zama ubansa na shayarwa, aure ya haramta tsakanin yaron da 'ya'yan gidan, sai dai shayarwa ba ta kawo gado.

Rikici galibi ranar rabon gado yake tashi. Yaro ya yi shekara ashirin yana noma gonar gida, a wayi gari a ce ba shi da ko kunya ɗaya, can gidan ubansa kuma an manta da shi. Iyaye maza biyun su zauna tun yau, su rubuta abin da kowa ya ɗauka, liman ko mai unguwa ya shaida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba riƙon marayu.