3.2 Amfani da Ƙwayoyin Gado Wajen Tantance Musabbabin Cuta

A wannan sashe za a yi bayanin wata dabarar ƙididdiga da masana ke bi don rarrabe musabbabi na haƙiƙa da abin da ya zo tare da cuta kawai. Alal misali, idan an tarar mashaya giya sun fi fama da hawan jini, wannan bai isa hujja ba, domin mai yiwuwa taba ce ko ƙiba ta haddasa ciwon.

3.2.1 Asalin Dabarar

An jingina dabarar ga Gregor Mendel, wanda ya nuna cewa rabon ƙwayoyin gado daga iyaye zuwa 'ya'ya tamkar ƙuri'a yake. Tun a ciki ake yin rabon, saboda haka cuta ko halin rayuwa ba sa sauya shi. Martijn Katan ne ya kawo shawarar a 1986, sannan George Davey Smith da Shah Ebrahim suka faɗaɗa ta a 2003.

3.2.2 Yadda Ake Aiwatar da Ita

A Japan da Sin akwai masu ɗauke da wani nau'in ƙwayar ALDH2 da ke sa fuska ta yi ja, zuciya ta tashi, da zarar an sha giya. Don haka ba su cika sha ba. Sai a auna tasirin ƙwayar a kan hawan jini, a raba shi da tasirinta a kan yawan sha. Abin da ya fita shi ne kimar tasirin giyar. Nazarin da Chen da abokan aikinta suka buga a 2008 ya sami wannan alaƙa ga maza, amma bai same ta ga mata ba, waɗanda dama shansu kaɗan ne. Wannan ya ƙarfafa cewa ta hanyar giya ƙwayar ke aiki.

3.2.3 Sharuɗɗa

Dabarar na da sharuɗɗa uku:

(i) Ƙwayar ta kasance tana da alaƙa mai ƙarfi da abin da ake zargi.
(ii) Kada wani dalili na daban, kamar bambancin asalin al'umma, ya haɗa ta da cutar.
(iii) Kada ta shafi cutar ta wata hanya daban.

Sharaɗi na farko kaɗai ake iya tabbatarwa da alƙaluma kai tsaye. Idan na uku ya karye, za a ɗora wa giya laifin da ba nata ba, a kuma gina shawarar likitoci a kan kuskure. Sashe na gaba zai duba hanyoyin gano irin wannan karaya.