Sankarar Mama: Darasin Matan da Suka Tsira

Sankarar mama, wadda ake kira dajin nono a karkara, cuta ce da ke farawa idan wasu ƙwayoyin halittar nono suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su taru su zama ƙullutu, wanda idan aka bar shi yakan bi hanyoyin jini da kaluluwar hammata ya isa ƙashi ko huhu ko hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000, sannan a Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba sammu ko jifa ke kawo ta ba, kuma takan kama maza jefi-jefi.

Tsira daga wannan cuta ta dogara ƙwarai ga lokacin da aka gano ta. Likitoci sun kasa ta matakai huɗu, inda na ɗaya da na biyu ke nufin tana nan cikin nono ko kusa da shi, na huɗu kuwa ta riga ta bazu a jiki. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye shekara 5 bayan gano ta, alhali a Afirka ta Kudu adadin bai wuce kashi 40 ba, kuma yawancin matan da ke isa asibitocin Nijeriya suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu. Manomi ya san ƙuduji, wanda ke shan saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin ya fito da fure. Haka wannan cuta take, domin ƙullutun farko sau da yawa ba ya zafi, kuma rashin zafin ne ke yaudarar mai shi.

Daga cikin fitattun waɗanda suka tsira akwai Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ta ji ƙullutu a nononta a 1997, aka yi mata tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma a shekarar ta kafa ƙungiyar BRECAN mai wayar da kan mata, tun kafin mijinta ya zama gwamnan Ondo a 2017. Darasin rayuwarta shi ne ta faɗa da wuri, ta nufi asibiti, ta yarda da aikin da likitoci suka yanke, sannan ta ƙi ɓoye labarinta. A Arewa kuma Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta daɗe tana wannan faɗakarwa, har aka zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya.

A garuruwan noma irin su Mahuta da ke ƙaramar hukumar Ƙafur, abubuwan da ke jawo jinkiri sanannu ne. Akwai kunya, wadda ke hana mace ambaton nono ko a gaban uwarta, da fargabar cewa cire nono zai rage mata daraja a ɗakin miji. Akwai tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wadda ke sa a guji allura da tiyata a koma ga shafe-shafe da jiƙo da sakiya, alhali tsaga ƙullutun a hannun wanzami gyambo yake buɗewa ba tare da taɓa tushen cutar ba. Akwai kuma jiran kaka, lokacin da za a sayar da masara ko auduga a sami kuɗin mota da na magani, kuma waɗannan watanni na jira sukan isa cutar ta tsallaka daga mataki zuwa mataki.

Binciken kai ba ya cin ko kwabo. Ana so kowace mace ta duba nononta sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan ɗaukewar al'ada, ta shafa ko'ina da cikin yatsunta har zuwa hammata, tana lura da ƙullutu, ko lotsawar fata, ko kan nono da ya shige ciki, ko fitar jini daga gare shi, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa kada ta ɗauka kowane kumburi taruwar ruwan nono ce, musamman idan ya daɗe bai sace ba. Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne, amma ba a tantancewa sai da hoto da kuma ɗibar ɗan ƙaramin nama a auna a ɗakin gwaji. Babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa kan duba mara lafiya ya tura ta gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da sashen masu sankara, kuma na Shikan yana cikin asibitocin da asusun tallafin gwamnatin tarayya ga masu cutar ya fara aiki da su.

Magani kan haɗa tiyata, da kemo, wato magungunan da ake ɗurawa ta jijiya don kashe ƙwayoyin cutar, da gashi da na'ura, wani lokaci da ƙwayoyin sha na shekara 5 ko fiye. Zubar gashi da tashin zuciya da ke biyo bayan kemo sukan wuce, amma yanke magani a tsakiya saboda an ji sauƙi kan ba cutar damar dawowa da ƙarfi. Saboda haka ya wajaba magidanta su ba da izini da kuɗin mota a ranar da mace ta yi ƙorafi, ungozomomi da malaman Islamiyya su riƙa tunatar da mata wannan bincike, duk wadda ta ji baƙon abu a nononta kuma ta je asibiti a makon da ta ji shi.