Aljabara Ba Dodo Ba Ce

Ɗalibai da yawa suna tsoron aljabara, alhali kuwa iyayensu na yin ta kullum a kasuwa. Misali, wani ya sayi mudu 3 na gero a kasuwar Isa, ya ba ɗan dako naira 200, duka ya kashe naira 3,200. Nawa ne mudu ɗaya? Abin da ba mu sani ba shi muke kira x. Wato 3x + 200 = 3,200. Mu cire 200 daga kowane ɓangare, mu raba da 3, sai x ya zama 1,000.

Amma iyawa sai da horo, shi ya sa na kafa dokoki uku a ajina. Na ɗaya, a rubuta kowane mataki, gama a jarrabawar WAEC hanyar aiki ma tana da maki. Na biyu, ban da kwafar aikin gida. Wanda ya kwafa kansa ya cuta. Na uku, wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, domin matambayi ba ya ɓata.

Ku tuna, ba a shiga jami'a karatun kimiyya sai da kiredit a lissafi. Iyaye kuma ku riƙa duba littattafan 'ya'yanku. Allah ya taimake mu.