Baranyar da ta shiga majalisa

Ga labarin wani tsohon wasan silima na ban dariya da aka yi a Amurka a shekarar 1947, mai suna The Farmer's Daughter, wato 'yar manomi. Raha ce a fili, amma akwai abin lura cikinsa.

Wata budurwa ce, Katrin, iyayenta manoma ne 'yan asalin Suwidin. Ta tara guzuri ta nufi birni don koyon aikin jinya. Wani mai fenti ya rage mata hanya a motarsa, ya yaudare ta, ya cinye kuɗin. Maimakon ta koma gida hannu rabbana, sai ta shiga aikatau a gidan Morley, manyan 'yan siyasa. Uwar gidan ita ke juya jam'iyyarsu, ɗanta Glenn kuwa wakili ne a majalisar ƙasa.

Abin dariyar shi ne, baranya ta kawo wa manya gahawa, sai ta tsoma baki cikin shawararsu, ta faɗi gaskiya ba kwana. Ran nan a taron jama'a ta miƙe, ta yi wa Finley, ɗan takarar da gidan ya tsayar, tambayoyin da suka kwance masa zani a kasuwa. Jam'iyyar hamayya ta gani, ta tsayar da ita takara, ta bar aikin.

Daga nan wasa ya zama gaske. Finley ya sayi mai fentin nan, ya yi mata ƙazafi, wai sun kwana tare. To, talaka ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa. Gidan Morley kuwa tilas su zaɓa: ko jam'iyyarsu, ko yarinyar da suka san amanarta. Glenn da 'yan'uwanta maza uku suka zaƙulo maƙaryacin, ya amsa laifinsa ta rediyo. Uwar gidan ta janye daga Finley, ta bi bayan tsohuwar baranyarta, Katrin ta ci zaɓe.

Loretta Young, wadda ta fito a Katrin, ta sami lambar Oscar saboda wasan a 1948.

Duk mai bara a gida ko yaron shago ya auna wannan. Wanda ya riƙe maka amana yana da haƙƙin shaidarka ranar da aka ɓata shi, ko da maɓacin naka ne. Haza wassalam.